Tururuwar da ke kan allon Alhaji Lawali

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da na shiga jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon ina bin kaji ɗari uku da aka riga aka zuba a tukunya ba. Mutum sama da ɗari biyu ne za su ci su bayan la'asar a walimar aure, cikinsu da yara da tsofaffi da mata masu ciki. Kajin sun kwana biyu a ɗakin sanyin da babu sanyin kirki a cikinsa, kuma duk duniya mu biyu kaɗai muka sani, ni da mai kajin. Abin da ya jawo haka wani ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu biyu ba, kuma ni na sayar da shi.

Ku da kuke aiki da ni yau ba ku san modem irin ta dā ba. Kun tarar da intanet tana shigowa gida kamar ruwan famfo. Shi ya sa kuke dariyar waccan baƙar abar da ke saman kantar shago, kuna tambaya me ya hana ni jefar da ita. To ku zauna ku ji.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Na bar Maradi da daɗewa, na yi dako a Rungis, babbar kasuwar abinci ta Paris, na yi tallar batir da igiyoyin waya a Porte de la Chapelle, har Allah ya ba ni wannan shagon na La Courneuve, lokacin rabinsa kawai nake haya. Ina sayen tsofaffin kwamfutoci daga ofisoshin da suka canza kaya, in gyara, in sayar. A zamanin, idan kwamfuta biyu za su yi magana daga nesa, sai ta layin tarho na gida. Modem ita ce mai juya rubutu ya koma ƙara, ta tura ta waya, wata modem a can ta mayar da ƙarar rubutu. Matsalar ita ce layin tarho ba ya rasa ƙaraurayi, wato shuuu ɗin nan da ƙaraf-ƙaraf da ake ji a bayan magana. Kunnen mutum yana tsallake shi ya gane magana. Modem kuwa duk abin da ta ji sai ta ɗauka harafi ne, ta rubuta.

Saboda haka aka yi masu gyaran kuskure. Ku ɗauka kana faɗa wa mutum lambar waya a tsakiyar kasuwa. Mai hankali zai maimaita maka, in ya kuskure ka sake faɗa. Haka suke yi: su yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da alamar lissafinta, ta can ta duba, in bai yi daidai ba ta ce a sake turowa. Sai dai dole duka biyun su iya, ta nan da ta can. Sun fi tsada, suna ɗan jinkiri kafin su haɗu, kuma a kan mugun layi suna tafiya a hankali don suna ta maimaitawa. A lokacin yawancin sababbi suna da shi, amma tsofaffi masu araha suna nan jibge a hannun irinmu.

Alhaji Lawali mutumin Damagaram ne, dillalin nama da kaji a Rungis. Shi ya sama mini aikin dako farkon zuwana, don haka Baba nake ce masa. Ya kama wani ɗakin sanyi a bayan garin Lyon, inda yake ajiye kayan da ƙanwarsa Hajiya Barira ke dafawa a bukukuwan mutanenmu na can. Ba kowa ke zama a wurin ba, direba ne ke kai kaya ya ɗauko. Wanda ya haɗa injin sanyin ya gaya wa Alhaji cewa da modem biyu zai iya duba sanyin ɗakin daga ofishinsa na Paris, har ya ƙara ko ya rage. Sai ya zo wurina.

Na ɗora masa iri biyu a kan tebur, na haɗa kowace ya gani. Mai gyaran kuskure ta yi ta kuka da tsaki kafin ta haɗu.

Ya ce, “Habu, wannan ai gaisuwar Damagaram take yi. Sai ta tambayi gida da yara da gajiya tukuna?”

Na ce, “Baba, tana tambaya ne don kada ta kawo maka ƙarya.”

“Waccan fa?”

“Waccan 'yar Paris ce. Bonjour, ta wuce. Abin da ta ji shi za ta faɗa maka, ko daidai ko ba daidai ba.”

“Nawa ne tsakaninsu?”

Na faɗa masa. Ya riƙe haɓa. Ya ce lamba ɗaya tak zai riƙa dubawa, ba littafi zai aika ba. Na ce lamba ɗayar ce abin tsoro, don a cikin dogon rubutu in harafi ya lalace mutum zai gane, lamba kuwa ba ta da maƙwabcin da zai tona ta. Ya yi dariya ya ce 'yan Maradi ko ruwa za su sayar maka sai sun ce akwai mai gyaran kuskure. Muka gwada mai arahar a layin shagona, wanda sabo ne, ta yi aiki tas. Na gaya masa layin Lyon ban san shi ba. Ya ce layi layi ne. Ya ɗauki masu araha guda biyu, na haɗa masa ta Paris, direbansa ya tafi da ɗayar ya jona a can.

Bayan 'yan makonni ya fara ce mini allonsa yana fitar da tururuwa. Haka yake kiran tarkacen alamomin da ƙaraurayi ke zubawa, su baka, su ƙugiya, su ɗigo, wani lokaci har da haruffa da lambobi. Daga baya na ga dalili: wayar ɗakin sanyin tsohuwa ce, kuma an bi da ita ta jikin injin. Na ce ya dawo da su mu yi musaya. Ya ce ya saba, idonsa ya iya tsince lambar daga cikin tururuwa kamar mai tsintar shinkafa.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi ya kira shago. Muryarsa garau. Ya ce yau tururuwar sun yi yawa, in zo in share masa su, kuma in taya shi murna, yau ake walimar auren ɗiyar wani amininsa a Lyon, kaji ɗari uku nasa ne. Na rufe shago na tafi.

Na zauna gaban kwamfutarsa na kira ɗakin sanyin. Amsa ta fito cikin tarkace. A tsakiya na ga lamba ɗaya da lamba biyu a manne.

Alhaji ya nuna da yatsa. “Ka gani, digiri biyu. Wannan sandar ta gaba tururuwa ce.”

Na katse, na sake kira. Tarkacen suka canza wuri, suka canza kama. Ɗaya da biyu suna nan. Na sake. Na jawo wani kwali na fara rubuta abin da ke fitowa kowane kira, layi ƙarƙashin layi. Aikin da modem mai tsada za ta yi cikin ƙiftawar ido shi nake yi da biro. Duk abin da yake ƙaraurayi ne yana yawo. Abin da yake gaskiya ba ya motsi. Sandar nan ba ta motsa ba.

Na ce, “Baba, yaushe ka taɓa sanyin ɗakin nan?”

“Ran Alhamis, da aka sauke kajin. Yana kan huɗu, na mai da shi biyu don su ƙara kama sanyi.”

Na tambayi injin a kan nawa aka ce ya tsaya. Shi ma na tambaya na sake tambaya. Sha biyu. Alhaji ya danna biyu, ƙaraurayi ya jefa ɗaya a gabanta a hanya, injin ya karɓa ya yi biyayya. Tun ranar yake faɗa wa Alhaji gaskiya, Alhaji yana share ta da ido.

Ku da ba ku yi aikin nama ba, ɗanyar kaza ba a barin ta ta wuce digiri huɗu. A sha biyu, wanda ya shiga ɗakin daga rana zai ji sanyi-sanyi, ba zai zargi komai ba, alhali cikin kwalaye abin yana ta haihuwa. Na yi shekaru a Rungis, na ga yadda ake zubar da mota guda saboda ƙasa da haka.

“Ina kajin yanzu?”

Ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. “Direba ya kwashe su tun asuba. Suna wurin Barira.”

Muka hau kan tarho. Gidan Hajiya Barira ba a ɗauka, tana zauren da aka yi haya, kuma ba mu da lambar zauren. Gidan amarya layi a cike, ana ta kira daga Damagaram da Yamai ana barka. Direba ba shi da wayar hannu, lokacin sai wane da wane. Duk namijin da muka sani a Lyon ya tafi ɗaurin aure. Na ce mu kira 'yan kwana-kwana na can, don a Faransa su ake kira in abin gaggawa ya taso, su je su tsayar da abincin. Alhaji ya kama hannuna.

“Habu, motar hukuma a ƙofar bikin ɗiyar mutane? Za su rufe ni, su rufe Barira. Kuma ai soyawa za a yi. Wuta tana kashe komai.”

Na ce, “Ba komai ba, Baba. Akwai dafin da ƙwayar cuta ke bari a nama, ko ka soya yana nan. Babba mai ƙarfi zai yi amai ya tashi. Yaro da tsoho ban sani ba.”

Na ce ni dai zan tafi tasha yanzu, ko da shi ko ba shi, kuma in na isa na tarar an fara ci, da bakina zan kira motar asibiti. Ya mai da hularsa ya biyo ni.

Tafiyar awa biyu ce, amma ban taɓa yin doguwa kamarta ba. Ba mu zauna ba. Muna tsaye a tsakanin taragu, Alhaji yana ta danna ƙatuwar wayarsa ta hannu, ni ina kallon gonaki suna wucewa. Abin da nake gani a idona yara ne. Kun san yadda ake yi a walima, a zuba wa yara tire guda a gefe, su fara ci kafin manya. Na gaya wa Alhaji gaskiya ranar ciniki, wannan na sani, amma faɗar ba ta rage mini komai ba a cikin jirgin nan. In yaro ya mutu, ba wanda zai tambayi wa ya ce me a shago.

Can wajen tsakiyar hanya layin gidan amarya ya shiga. Wata gwaggon amarya ce ta ɗauka, tsohuwa, kwananta kaɗan da zuwa daga gida. Ina jin muryarta daga inda nake.

“Wa ke magana? A'a, Lawali! Lahiya lau. Ina gajiya? Ina Hajiya? Ina yara? Ina labarin sanyi?”

“Lahiya lau, Gwaggo, don Allah ki...”

“Madalla. Ina wajen su Mariyama? An ce ta haihu?”

“Gwaggo, kajin...”

“Kaji sun iso, Allah shi yi albarka, Allah shi ƙara buɗi...”

Jirgi ya shiga tsakanin tuddai, layi ya yanke. Da muka fito ya sake kira, a cike. Kafin mu isa batirin wayar ya mutu. Alhaji ya jingina kansa da ƙofa, leɓensa yana motsi. Ban taɓa ganin mutumin nan ya tsufa ba sai a ranar.

Muka ɗauki tasi zuwa Villeurbanne, gefen Lyon inda zauren yake. Tun daga bakin titi ƙanshin soyayyar kaza ya tare mu, ƙanshi mai daɗi, shi ya fi ba ni tsoro. Na leƙa zauren. An jera tebura, an ajiye lemo, yara suna guje-guje, amma ba faranti ko ɗaya. Maza ba su dawo daga masallaci ba.

Hajiya Barira tana kicin da mata masu taya ta, ta ɗaure ɗankwali tamau, ludayi a hannu. Kaji sun yi tudu a manyan robobi, jawur.

“Yaya? Me ya kawo ka? Ai ka ce ba ka zuwa.”

“Barira, a rufe kajin nan. Ba wanda zai ci.”

Ta kalle shi, ta kalle ni. “Wannan wace irin magana ce? Tun asuba muke tsaye. Habu, kai ka zuga shi?”

Na yi mata bayani a gajarce. Na ce ɗakin ya kwana biyu a digiri sha biyu. Na tambaye ta ko ba ta ji komai ba da ta buɗe kwalayen. Ludayin ya sauka a hankali.

Ta ce, “Na ji ɗan bashi a wasu. Da yauƙi-yauƙi. Na ce ko ledar ce. Muka wanke da lemun tsami da binigar kamar kullum, ya tahi.”

Haka muke yi duka, kun sani. Ba macen da za ta dafa kaza ba ta wanke da lemun tsami ba. Yana kashe wari, ba ya kashe abin da ya kawo warin.

Sai wata daga cikin matan ta dafe ƙirji ta ce, “Hajiya, kwanukan!”

A nan na ji tsoron da ya fi na jirgi. Al'adarmu ce, kafin baƙi su ci, a ɗebi na farko mai kyau a aika wa waɗanda ba za su iya zuwa ba: mai jego, marar lafiya, tsohon da ƙafa ta hana. Wato an zaɓi mafi rauni a cikin jama'a an fara kai musu. Kwano shida suka fita tun azahar.

Hajiya ba ta ƙara gardama ba. Ta fito tsakar zaure ta ƙwala wa duk mai mota kira, ta faɗi gida-gida, aka watse. Waɗanda ke da tarho aka buga musu daga wani kanti na kusa. Ni aka haɗa ni da direban Alhaji zuwa wani gidan ma'aikata inda wani dattijo, Malam Idi, yake zaune shi kaɗai. Ya yi ritaya daga masana'anta, yana da ciwon sukari.

Muka tarar da shi a bakin gado yana sakace. Kwanon yana gefe, sai ƙasusuwa.

Ya ce, “Kun zo karɓar kwano? Ku ce ma Barira hannunta bai mutu ba.”

Na durƙusa na gaya masa. Ya yi dariya ya ce cikin da ya ci abincin kantin masana'anta shekara talatin ba kazar da za ta ba shi tsoro. Na ce, “Baba, ka yi mini alfarma, mu je likita ya duba ka, in ba komai ni zan dawo da kai.” Ya ce bai ga abin da zai kai mai lafiya asibiti ba. Na zauna. Na ce to ni ma ba inda za ni. Muna nan yana ba ni labarin garin Tawa na zamanin samartakarsa, kafin magariba ya yi shiru a tsakiyar magana, goshinsa ya jiƙe. Da amai ya fara sai na sauka da gudu na kira motar asibiti.

Sauran kwanuka biyar an same su a rufe. Mai jegon tana barci lokacin da aka kai, wasu suna jiran mai gida ya dawo. Hajiya Barira da mata biyu da suka ɗanɗana wajen suya sun kwanta kwana biyu, suka tashi. Baƙi kuwa shinkafa suka ci, wadda aka dafa daban, da sardin na gwangwani da burodi da aka kwaso daga kantunan unguwa. Har yau tsofaffin Lyon in suna lissafin shekaru sai su ce kafin auren sardin ko bayansa.

Malam Idi ya fi mako a asibiti. Ruwan jikinsa ya ƙare, ƙodarsa ta taɓu, akwai ranar da likita ya ce a sanar da danginsa. Kullum sai na kira. Ya fito da ransa, amma da sanda, kuma bai ƙara hawa bene da kansa ba.

Asibiti ya sanar da hukumar lafiyar abinci, kamar yadda doka ta ce. Suka je ɗakin sanyin, suka rufe shi, suka kira ni da Alhaji. Na shiga ina jin shagona ya tafi, don da Alhaji ya ce kayan da aka sayar masa ne ba su da kyau, ba ni da shaida ko ɗaya. Jami'in ya tambaya wa ya zaɓi modem ɗin. Alhaji ya ce da Faransancinsa na kasuwa, “Ni ne. Ya nuna mini mai kyau, ya gaya mini abin da zai faru, na ce tana da surutu.” Bai kalle ni ba da ya faɗa. Ban ƙara jin ya ambaci maganar ba har ya koma gida Damagaram.

To, ga amsar da nake ba duk wanda ya tambaye ni a lokacin ko gyaran kuskure ya cancanci kuɗinsa. In layinka mai kyau ne, kuma hira kake yi wadda in harafi ya lalace za ka gani ka yi tsaki ka wuce, mai araha ta ishe ka, kuma na ci gaba da sayar da su ga irin waɗannan. Amma in a can ƙarshen waya akwai injin da zai yi aiki da abin da ya ji ba tare da ya tambaya ba, ban ƙara sayar wa kowa marar gyara ba, ko Alhaji ne, ko ya yi fushi ya fita. Wasu sun fita ɗin. Abin da na gane game da mutanenmu kuma shi ne ba rowa ce ta kusa kashe mu ba. Sabo ne. Alhaji ya saba da tururuwa, Hajiya ta saba da lemun tsami, kowa ya iya gyara abin da ya gani da ido har ya daina tambaya. Shi ya sa in mai kaya ya ce muku wayarsa tana ɗan yin wani abu amma ya saba, nake cewa ku karɓa ku buɗe ta.

Lissafin ranar ga shi. Alhaji ya tsira da bambancin kuɗin da bai kai na kaji ashirin ba. Ya rasa kaji ɗari uku, da ɗakin sanyi, da cinikin bukukuwan Lyon, don Hajiya Barira ta daɗe kafin a sake ba ta girki. Ni na rasa cinikin Asabar ɗaya da barcin makonni. Mutum ɗari biyu sun koma gida da ƙafafunsu. Malam Idi, wanda bai sayi komai ba kuma bai sayar da komai ba, shi ya biya mafi tsada. Waccan ta saman kanta ita ce ta Lyon, na karɓo ta da hannuna ranar da aka rufe ɗakin. Har yanzu tana aiki, kuma ba ta sayarwa ba ce.